Shin taurari ma suna mutuwa?

Malam, ka tambaya ko taurari ma suna mutuwa. Ƙwarai kuwa, kuma nauyin tauraro ne ke yanke masa tsawon kwana.

Asalinsa gajimaren iskar haidirojin ne da ƙura. Ƙarfin janyowa ke dunƙule shi har zafin cikinsa ya kai digiri miliyan 10, sai haidirojin ya riƙa haɗewa yana zama hiliyam. Daga nan hasken yake fitowa.

Abin mamaki, manyan ne ba sa daɗewa. Cikin 'yan miliyoyin shekaru sun cinye makamashinsu, sai su tarwatse, su bar tauraron niyutiron, wato ɗan ƙaramin dunƙule mai tsananin nauyi, ko baƙin rami, wato wurin da ko haske ba ya iya kuɓuce wa ƙarfin janyowarsa. Rana kuwa ita ma tauraro ce matsakaiciya, shekarunta kusan biliyan 4.6. Da sauran kamar biliyan 5 kafin ta kumbura ta yi jajir, ta zubar da ɓawonta, cibiyarta ta saura fara, girmanta kamar na duniya.