Ni ma sau uku na ajiye shi

'Yar'uwa, da na karanta tambayarki sai da na ajiye waya na yi shiru. Kin ce kin sayi Crime and Punishment na Dostoyebski, marubucin Rasha, sau biyu kina farawa kina tsayawa, har kin soma zargin ko kanki ne ba ya ja, kina neman a faɗa miki marubucin Turai da za ki fara da shi. Wallahi kanki lafiya lau. Ni sau uku na ajiye littafin nan, kuma na san daidai inda kika maƙale: wasiƙar da uwar Raskolnikob, jarumin labarin, ta aiko masa, inda sunaye suka zubo kamar an kwance buhun gero.

Ba wanda ya gaya mini cewa Rodiyon da Rodya da Raskolnikob duk mutum ɗaya ne, ko cewa ƙanwarsa Abdotiya ita ce Dunya, ita ce Dunechka. Ashe irin namu ne, A'isha ta zama Indo, Hadiza ta zama Dije. Sunan tsakiya kuma na uba ne, Fetrobich yana nufin ɗan Fiyotar. A littafin akwai Fetrobich har uku, mai neman auren Dunya, da mai binciken kisan, da wani jami'i a ofishin 'yan sanda. Ni kuwa na ɗauka 'yan gida ɗaya ne, ina ta jiran ranar da za su haɗu a gaisa! Sai da na yagi takarda daga littafin rubutun ɗana, na jera kowa da laƙabinsa, na soke ta a bayan bango, sannan labarin ya buɗe.

Takardar nan ce ta jawo mini abin da har yau in na tuna sai raina ya sosu. Wata abokiyar aikina, wai ita ta karanci adabin Turanci, ta ɗauki littafin a kan teburina a ɗakin malamai, takardar ta faɗo. Ta ɗaga ta sama tana karantawa da ƙarfi tana ƙyalƙyala dariya, ta ce wanda ya saba da littattafan haya na soyayya ina shi ina Rashawa. A gaban maza, a gaban ɗaliban da suka kawo rajista. Ban ce uffan ba, amma a bayi na ƙarasa hutun nan. Bai ishe ta ba, ta ce in ara mata. Kunya ta sa na ba ta. Wata huɗu yana hannunta, ya dawo da tabon manja, bangon baya a yage, takardata babu, tana miƙo mini tana faɗa mini yadda labarin ya ƙare, alhali saura kashi biyu ban karanta ba. Daga baya na gane ita ma taƙaitawa ta karanta a intanet, don na tambaye ta Razumihin, babban abokin Raskolnikob, ta ce wane ne shi. Na yafe, amma ban manta ba.

To, ki duba shafin farko ki ga wa ya fassara naki. Yawancin masu arha da ake jibgewa a kasuwa fassarar Constance Garnett ce ta 1914, Turancinta na mutanen da ne, ga rubutu ƙanana kamar ƙwayar ridi. Ba na raina ta, da hannunta Turawan Ingila suka san Rashawa, amma in kin samu ta Pevear da Volokhonsky ta 1992 ki gwada babi ɗaya a kowace ki ji wadda ta fi shiga miki.

Da ni ce ke ma, ajiye shi zan yi tukuna in ɗauki Hadji Murat na Tolstoy. Gajere ne, bayan rasuwarsa aka buga shi a 1912. Labarin wani na'ibin Imam Shamil ne, jagoran Musulmin da suka yaƙi Rashawa a tsaunukan Kokesas, wanda ya ɓata da Shamil ya koma wajen Rashawa, iyalinsa kuma suna hannun Imam. Akwai alwala, akwai salla, akwai karɓar baƙo ko da zai jawo wa maigida bala'i, ba za ki ji baƙunta ba. Tolstoy ya yi soja a yankin, ba ji ya yi a bakin wani ba. War and Peace kuwa ki bar shi sai babban hutu, mutanen cikinsa sun haura 500.

Wanda ya hana ni barci shi ne Broken April na Isma'il Kadare, ɗan Albaniya da ya rasu a 2024. Saurayi ne aka tilasta wa ɗaukar fansar jinin ɗan'uwansa, al'ada ta ba shi kwana 30 na aminci, daga nan duk inda dangin mamacin suka gan shi jininsa ya halatta. Kina karantawa kina ƙirga kwanakin tare da shi.

'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da ke nan, ku kam kun huta, littattafan marubutan Faransa irin su Albert Kamu da Balzak kai tsaye kuke sha da Faransanci. Ni L'Étranger na Kamu na 1942 a Turanci na karanta, kuma har yau ina jin haushin yadda Balaraben da aka kashe ko suna ba a ba shi ba. Abin da ke ci mini rai kuma, tun 1975 Bala Funtuwa ya fassara Animal Farm na George Orwell zuwa Hausa ya zama Gandun Dabbobi, me ya hana a yi wa Hadji Murat haka? Da da Hausa yake, da na karanta wa mahaifina, na san zai so shi.

Ki turo mini hoton shafin farkon naki in gani. Takardar sunayen ma na sake rubuta wata, in kina so zan ɗauka in turo miki, amma littafina kam ba na ƙara bayarwa aro.