Fatawa: Hukuncin Sayar da Zanen da Ake Saukewa a Buga

Tambaya

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina da ɗan shago a intanet inda nake sayar da zanen da nake tsarawa a kwamfuta: katin gayyatar ɗaurin aure da na suna, jadawalin azkar, takardun koya wa yara baƙi da wasali, da ayoyin da ake rataya a bango. Ba na aika wa kowa takarda. Mutum zai biya, ya sauke fayil, ya kai wurin masu buga takardu. Wata ƙawata ta ce akwai shubuha a kuɗin, wai abu ɗaya nake sayar wa mutum ɗari kuma yana nan a hannuna. Na kuma rubuta cewa ba a mayar da kuɗi, kuma wani lokaci nakan ɗauko fure ko ado daga shafin hotuna na Pinterest in haɗa. Mene ne hukuncin wannan, kuma akwai zakka a ciki?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Asalin wannan sana'a halal ce, 'yar'uwa, saboda faɗin Allah a Suratul Baƙara aya ta 275 cewa ya halatta ciniki ya haramta riba. Sai dai halaccin kuɗinki ya rataya ne a kan abu biyu: zanen ya zama naki ne, kuma mai saye ya san ainihin abin da ya biya wa kuɗi.

Shubuhar ƙawarki ta taso ne daga ɗaukar fayil kamar buhun shinkafa, wanda in ya bar shago ya bar hannun mai shi. Abin da kike sayarwa izini ne na amfani da aikin da kika ɓata lokaci da basira a kansa, tare da kwafin da zai ba mai saye damar amfanin. Marubuci ma haka yake, rubutu ɗaya ne, a buga kwafi dubu, kowa ya biya nasa. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na biyar a Kuwait cikin Disamba 1988, ta yanke a ƙuduri mai lamba 43 cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira da tambarin kasuwanci dukiya ce da shari'a ta kare, ana iya sayar da ita, kuma bai halatta a keta ta ba. Hadisin Hakim ɗan Hizam na "kada ka sayar da abin da ba ya wurinka" bai hau kanki ba, domin fayil ɗin yana wurinki, kuma yana isa ga mai saye cikin ƙiftawar ido. Danna maɓallin biya ya wadatar a matsayin yarda, tunda a wurin Malikiyya ciniki yana ƙulluwa da duk abin da ya nuna yarda a al'ada. La'adar da dandalin intanet da shagon yake a kai ke cira ladan aiki ce, kamar ta dillali. Dandalin saye da sayarwa na Etsy, alal misali, na karɓar senti 20 na dala a kan kowane kaya da aka jera, da kashi 6.5 cikin ɗari idan an sayar. Tunda an san adadin tun farko, babu laifi.

To, wannan ƙudurin da ya kare haƙƙinki shi ne kuma ya kama ki a kan furen Pinterest. Ganin hoto a fili bai mayar da shi na kowa ba, kamar yadda akuyar da ke yawo a layi take da mai ita. A nan ne hadisin Hakim zai hau kanki da gaske. Dole ki bi kowane abu da ke cikin zanenki ki san daga ina ya fito: furen, adon gefe, hoton bango, da salon haruffa. Haruffan da ke ƙarƙashin lasisin haruffa na kyauta mai suna OFL, kamar Amiri, ko Alkalami da aka tsara bisa rubutun ajamin Kano, an yarda a yi kasuwanci da zanen da aka yi da su, amma ba a sayar da su su kaɗai. Wasu haruffan kuma kyauta ne don amfanin kai kawai, sai an sayi lasisi kafin a sa su a hajar sayarwa. Manhajar zane ta Canva ba ta yarda a ɗauki kayan adonta yadda suke a sayar su kaɗai ba, sai an haɗa su cikin sabon aiki. Waɗannan sharuɗɗa kin amince da su ranar da kika buɗe asusu, kuma Annabi (SAW) ya ce Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Zanen da kika riga kika sa kayan wani a ciki, ki sauke shi daga shago yau. In an san mai shi, ki nemi izini ko ki biya lasisin. In an yi nema an rasa, ki ƙiyasta rabon wannan adon a cikin abin da kika samu ki yi sadaka da shi a madadinsa. Haka kuma buɗe shago da sunan wani ko adireshin ƙasar da ba kya ciki, don dandalin bai karɓi ƙasarki ba, ƙarya ce, kuma sau da yawa ƙarshenta a rufe shagon a riƙe kuɗin.

Sharaɗi na biyu ya fi buƙatar a tsaya. Mai saye bai ga takardar ba, siffa ya saya. Malikiyya sun halatta sayar da abin da ba ya gaban ido bisa siffantawa, har Imam Malik ya halatta sayar da dilar kaya bisa takardar da ta lissafa abin da ke ciki ba tare da an kwance ba. Amma in kaya ya saɓa wa siffa, mai saye yana da zaɓi. Muslim kuma ya ruwaito hani daga cinikin garari, wato wanda aka jahilci abin da ke cikinsa. Don haka ki rubuta ɓaro-ɓaro, a saman bayani ba a ƙasa ba, cewa fayil ne, ba za a kawo takarda ko firam ba, domin hoton tallan da ke nuna aya cikin firam a falo yana sa mutane su zaci da firam ɗin za a kawo. Ki faɗi nau'in fayil, PDF ne ko PNG, da yawan shafuka, da ko ana iya sauya suna da kwanan wata. Ki faɗi girma: A4 milimita 210 ne a 297, takardar Amurka kuwa inci 8.5 a 11, ta fi faɗi ta fi gajarta, don haka zanen da aka yi wa ɗaya yakan yanke ko ya bar farin gefe a ɗayar. Ki kuma faɗi iyakar izinin: na gida ne kawai, ko makarantar Islamiyya za ta iya buga wa ɗalibai ɗari biyu, ko mai shagon buga takardu zai iya bugawa ya sayar. Rigima ta fi yawa a nan, saboda an yi shiru.

Maganar "ba a mayar da kuɗi" tana da fuska biyu. In mutum ya sauke fayil lafiyayye, daga baya ya ce ya fasa, sharaɗinki ya inganta, domin ba yadda za a yi ya dawo da abin da ya riga ya kwafa. In kuwa aibi ne, rubutun nan ba ya kare ki. Aibi a wannan haja sananne ne. Shafin A4 mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci, wato 2480 a 3508. Hoton da faɗinsa 1080 ne zai yi kyau a waya, amma a takarda ɗigonsa kusan 130 ne kawai a kowane inci, sai ya fito dishi-dishi. In ba a cusa haruffa cikin PDF ba, kwamfutar mai bugawa za ta musanya su, sai ƙ da ɗ da ɓ su koma akwatuna, sunan amarya ya lalace a kati ɗari uku. In ba a bar rarar milimita 3 a gefe ba, wuƙar yanka za ta ci rubutu ko ta bar farin layi. Duk wannan ki gyara ko ki mayar da kuɗi. Amma ɗan bambancin launi tsakanin fuskar waya mai aiki da tsarin launi na RGB da tawadar injin mai aiki da tsarin CMYK, inda shuɗi mai haske kan ɗan dushe, ba aibi ba ne in kin yi gargaɗi. Ki buga kowane zane sau ɗaya da kanki kafin ki jera shi. Sa 'yan'uwa su rubuta yabon ƙarya, ko rubuta tsohon farashin da ba a taɓa sayarwa a kai ba don a ce an yi ragi, duk suna cikin algus ɗin da Annabi (SAW) ya ce mai yin sa ba ya cikinmu.

Ayoyi kuwa, jumhur sun halatta sayar da Mus'hafi, balle allon bango. Nauyin da ke kanki shi ne inganci. Manhajojin da ba su iya Larabci ba sukan tsinka haruffa ko su juya su daga hagu, wasali ya zame daga kan baƙinsa. Ki kwafo daga tushe amintacce, ki kai wa mahaddaci bugaggen ya duba, ki kuma rubuta ko ruwayar Hafsu ce ko ta Warshu, domin wanda ya tashi a tsangaya zai ga Hafsu ya zaci kuskure ne. A katin gayyata ni ina ganin barin aya da Basmala ya fi. Duk mai zuwa biki ya ga inda katunan ke ƙarewa: a ƙasa tsakanin ledojin ruwa, ana takawa, da safe a share. Hadisi ko zikirin da ba ki tabbatar da ingancinsa ba, da alkawarin cewa wanda ya rataya kaza zai yi arziki, kada su shiga shagonki.

Zanen mai rai a takarda akwai saɓani. Malikiyya sun haramta mai inuwa, kamar mutum-mutumi, in mai cikakken jiki ne, marar inuwa kuma suka ce makaruhi ne, wasu malamai da yawa suka haramta duka. A takardun koyar da yara an sassauta, bisa 'yartsanar Nana A'isha. A sauran, ki bi shawarar Ibn Abbas ga mai zane: bishiya da abin da ba shi da rai. Sayar wa wanda ba Musulmi ba jadawalin kasafin kuɗi ko katin biki babu komai, amma ba ki zana gicciye ko katin bukin addininsu ba.

Zakka ba ta kan fayilolin, domin sun fi kama da keken ɗinki da ake samu ta hanyarsa, ba hajar da ke barin hannu ba. Tana kan kuɗin da suka taru, har da wanda ke zaune a asusun dandali kina iya cirewa. In ya kai nisabi, wato ƙimar giram 85 na zinare, a haɗe da sauran kuɗinki, kuma shekarar Hijira ta zagayo, ki fitar da kashi 2.5 cikin ɗari. Abin da kika kashe a cefane da data kafin shekara ta cika ba ya cikin lissafi.

Wallahu a'alam.