Tambayi Likita: Cututtukan da Suka Kayar da Sarakunan Farankawa

Tambayoyin wannan makon daga masu karatun tarihin Turai suka fito. Farankawa su ne suka mulki yankin da a yau ya zama Faransa da yammacin Jamus, gida biyu: zuriyar Sarki Clovis har zuwa 751, sai gidan su Sarki Sharlaman (Charlemagne). Ba likitan yau da ya duba su, alamomin da marubutan zamaninsu suka bari kawai muke aunawa.

Tambaya: Likita, barka da aiki. A shekarar 580 wata annoba ta kashe wa Sarki Chilperic 'ya'ya maza biyu. Wace cuta ce, kuma da a yau ne za su rayu?

Amsa: Malama, atuni marubutan zamanin suka kira ta. Sun ce tana zuwa da zazzaɓi mai zafi, amai rawaya ko kore, da ciwon ƙugu, kuma yara ta fara ɗauka. Ita ce ta kashe Austrechild, matar Sarki Guntram, wadda kafin ta cika ta sa mijinta ya rantse zai kashe likitocinta biyu. Ya kuwa cika alkawari. A 613 ma ita ta kashe Sarki Theuderic na Biyu a birnin Metz.

Yawanci ƙarewar ruwan jiki ke kisa, kuma abin da zai ceci irin waɗannan yara yana cikin kowane kicin. A samu lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. A shafe na ce, ba a cika da tozo ba: sukari in ya yi yawa yana ƙara gudawar, gishiri in ya yi yawa yana iya sa yaro jijjiga. In akwai ƙullin ORS na kemis, shi ya fi. Ɗan ƙasa da shekara 2 a ba shi mililita 50 zuwa 100 bayan kowace fita, ɗan 2 zuwa 10 kuma 100 zuwa 200, da cokali, kaɗan-kaɗan. In ya yi amai a jira minti 10 a ci gaba. Abin da ya wuce awa 24 a zubar. A haɗa da zinc, miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, ɗan ƙasa da wata 6 miligiram 10. Kada a janye nono.

Amma da zarar an ga jini a bayan gida, sai asibiti. Ƙwayar cuta mai suna shigela ce ta fi jawo shi ga yara, kuma flagyl ɗin da ake ruga wa ba ya kashe ta. Maganin tsayar da gudawa kuwa kulle cutar yake a ciki.

Tambaya: Ranka ya daɗe, an ce Sharlaman ya tsani likitocinsa saboda sun hana shi gasasshen nama, kuma ya yi ɗingishi a tsufansa. Ni ma ba na wasa da tsire, ga babban yatsan ƙafata yana tashe ni da dare. Ciwo ɗaya ne?

Amsa: Alhaji, Einhard, bafadensa da ya rubuta tarihinsa, ya ce mafarauta ke kawo masa naman a soke a sanda, likitoci suka ce ya koma dafaffe, ya ƙi. Masana da dama na zaton gawut, wani ciwon gaɓoɓi, ne ya same shi, zato ne kawai. Naka kuwa ya yi kama da shi sosai: gaɓar babban yatsa ta kumbura, ta yi zafi rau, ko zanen rufa ba ta so.

Sinadarin yurik asid ne ke taruwa a jini ya daskare cikin gaɓa kamar tsinin allura. Jan nama na ƙara shi, hanta da ƙoda sun fi, haka giya da lemon kwalba, da wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari. Shawarar likitocin sarki rabi ce, domin dafawa cikin romo take zubar da wani ɓangaren abin da ke ƙara yurik asid, wanda ya shanye romon bai tsira ba. Je a auna maka yurik asid da aikin ƙoda. In ciwon yana dawowa ana fara allopurinol, maganin rage yurik asid, daga miligiram 100 a rana, ana ƙarawa har awon ya sauka ƙasa da 6. Inda ake kuskure shi ne a daina sha da an ji sauƙi, ko a riƙa haɗiyar maganin rage zafin ciwo diclofenac wata da watanni har ƙoda ta taɓu.

Ba ƙafar ce ta kashe shi ba. A Janairun 814 a birnin Aachen zazzaɓi ya kama Sharlaman, ya daina cin abinci kamar yadda ya saba in ba shi da lafiya, ciwon haƙarƙari ya biyo baya, ya rasu ranar 28 ga wata. Tsoho mai zazzaɓi da sukar haƙarƙari in ya ja numfashi, nimoniya, wato ciwon huhu, ake fara zargi, kuma ƙin ci da sha ƙara kayar da shi yake.

Tambaya: Likita, Sarki Carloman na Bavaria ya rasa magana wajen 879, ɗansa Arnulf kuma jikinsa ya shanye a 896 bayan an naɗa shi sarkin sarakuna a Rum. Mahaifina da ƙaninsa duk haka suka yi. Gado ne?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da aka fi gada shi ne hawan jini da ciwon sukari, su ke buɗe ƙofar shanyewar ɓarin jiki, wadda ke faruwa in jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa. Auna jininka yau. In yana kai 140 bisa 90 a awo daban-daban, magani ne na kullum, da rage gishiri da dunƙulen miya. In kuma ka ga bakin wani ya karkace, hannu ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe, duba agogo ka riƙe lokacin. Allurar narkar da gudan jini cikin awa 4 da rabi take aiki. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu, yana iya shaƙewa, kuma kada a ba shi aspirin kafin a ɗauki hoton kai, domin in jijiya ce ta fashe aspirin ƙara zubar jinin zai yi.