Tun da al'adata ta ɗauke idona yake ƙaiƙayi, ko akwai alaƙa?

Tambaya: Likita, shekarata 52, al'ada ta ɗauke mini bara. Tun daga nan nake jin kamar an zuba mini yashi a ido, ga ja, ga hawaye. Mai kemis ya ba ni wani maganin ɗigawa, wata biyar ke nan ina sawa, in na daina ciwon ya dawo. Ƙawata kuma ta ce in nemi ƙwayar homon. Makancewa zan yi? Daga wata baiwar Allah a Gusau.

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, alaƙar tana nan. A bakin fatar ido, bayan gashin ido, akwai ƙananan ƙofofin maiƙo, kusan 30 a ta sama, kusan 25 a ta ƙasa. Maiƙon da suke fitarwa yana kwanciya a kan hawaye kamar yadda manja ke rufe saman miya, ya hana shi saurin bushewa. Homon ɗin androjin, wani sinadari da jiki ke samarwa, wanda ya fi yawa a maza amma mata ma suna da shi, shi ke sa su aiki, kuma yana raguwa da shekaru. Maiƙon sai ya yi kauri, ƙofofin su toshe. Hawayen da kike gani kukan ido ne saboda bushewa, kuma hunturu na ƙara masa.

Batun ƙawarki, ki bar shi. Binciken da aka wallafa a Amurka a 2001, kan mata fiye da 25,000, ya nuna masu shan ƙwayar estrojin, wato homon ɗin mata, ita kaɗai, sun fi fama da bushewar ido. Ba a shan wannan ƙwaya don ido.

Abin da ya fi damuna shi ne kwalbar nan ta kemis. Ki duba jikinta. In kin ga dexamethasone, betamethasone ko prednisolone, to sitiroyid ne, wato magani mai kwantar da kumburi da ja, kike zubawa tsawon wata biyar. Kullum sai mun ga irin wannan a asibiti. Mutane sun ɗauka duk maganin da ya wanke jan ido cikin kwana biyu shi ne mai kyau. Jan kawai yake ɓoyewa, ƙofofin na nan a toshe, shi ya sa ciwon ke dawowa. A wasu mutane yana ɗaga matsin ido, wato hawan jinin ido, ba tare da wani zafi ba, jijiyar gani ta riƙa mutuwa, gani ya fara raguwa daga gefe, kuma abin da ya mutu ba ya dawowa. Yana kawo yanar ido ma. Mai kemis ba shi da na'urar auna matsin ido, bai leƙa fatar idonki ba, amma ya miƙo miki kwalba kamar yana sayar da alewa! Masu cewa a ɗiga ruwan nono ko ruwan albasa kuwa, ba na ma son in fara.

Kada ki yanke maganin lokaci ɗaya da kanki. Ki ɗauki kwalbar ki je wurin likitan ido a wannan makon, a auna matsin idon, a rage miki shi a hankali. Ki faɗa masa in bakinki ma yana bushewa ko gaɓoɓi na ciwo, don a duba cutar Sjögren, mai busar da ido da baki, da suga da maƙoƙo.

Kafin nan, ki jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, ki ɗora a kan ido a rufe na minti 10, safe da dare, sannan ki murza fatar a hankali zuwa wajen gashin ido. Ki ajiye kwalli tukuna, domin a bakin ƙofofin nan ake zizara shi.