Abin da Ya Sa Nake Tura Ka Ƙananan Filaye

Ɗana, na karanta saƙonka sau biyu kafin na zauna ba ka amsa. Ka ce: “Malam, wata huɗu ke nan ina tare da kai, kullum sai ka tura ni wasannin da ko kyamara babu, in rubuto sunayen ’yan wasa da mintin da aka ci ƙwallo. Sa’o’ina suna zaune a ɗaki suna saka labarin cinikin ’yan wasan Turai, mabiyansu sun kai dubbai. Anya ta nan ake bi a zama ɗan jaridar ƙwallon ƙafa?”

Ta nan ake bi. Kuma na ji daɗi da ka buɗe baki ka tambaya, domin da yawa ba sa tambaya, sai dai a wayi gari a ga sun ɗauke ƙafa.

Son ƙwallo ne ya kawo ka, ni ma shi ya kawo ni. Amma duk wanda zai karanta rubutunka yana da wannan son, wani ma ya fi ka. Sakamakon wasa kuwa wayarsa ta riga ta gaya masa tun kafin ka buɗe kwamfuta. Abin da zai sa ya dawo wurinka gobe shi ne ka nuna masa abin da bai gani ba, kuma ya sakankance cewa in kai ka faɗa, to haka ne. Waɗannan biyun nake so su zauna maka, kuma ban san inda suke zama da mutum kamar filin da babu kowa sai kai da littafinka ba.

A babban wasa akwai kyamarori ta ko’ina, akwai kamfanonin da ke ƙidaya kowane bugu, ko ka yi gyangyaɗi za a maimaita maka. A ƙaramin wasa kai ne shaida. Ina sabon shiga aka tura ni wasan matasa. Aka bugo kwana, aka yi cincirindo a bakin raga, ƙwallo ta faɗa ciki. Na hango wani dogon yaro ya ruga yana murna, sai na rubuta sunansa. Washegari wani dattijo ya shigo ofis riƙe da jaridar a ninke. Ya ce ɗansa ne ya sa wa ƙwallon kai, ita ce ta farko da ya ci wa ƙungiyar, kuma ya sayi jaridar ne don ya adana masa. Bai ɗaga murya ba. Ya ajiye ta a kan teburina, ya juya. Da na tsallaka fili bayan an tashi na tambayi alƙalin wasa, da minti biyu sun ishe ni. Mun buga gyara, amma gyara ba ya zama abin adanawa. Har yau in na ga kana tantama a kan wanda ya ci, na ce maka je ka tambaya, fuskar dattijon nan nake gani.

Shi ya sa nake matsa maka ka isa fili awa guda kafin a take wasa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka karɓi takardar sunayen ’yan wasa daga hannun jami’an kowane ɓangare, ka haɗa suna da lambar riga, ka tambayi yadda ake rubuta sunan da yadda mai shi yake furta shi. Ka tsaya ka kalli ɗumama jiki: wa ke ɗingishi, wa aka naɗe wa cinya, wane gola ne koci ya tsaya a kansa. In an fara, ka raba shafinka biyu, kowace ƙungiya da gefenta, minti a hagu. Sannan ka horar da idonka ya riƙa barin ƙwallo. Kyamara ƙwallo take bi, mai kallo a gida ma haka. Kai ka dubi ɗan bayan hagun da ya haura gaba bai dawo ba sau uku a jere, ka dubi ɗan tsakiyan da ya fara dafa ƙugu tun minti na 55. Idan aka ci ƙwallo ta wannan gefen a minti na 70, kai kaɗai ne za ka iya cewa tun ɗazu take tafe.

Sai dokoki. Guda 17 ne, hukumar dokokin ƙwallo ta duniya, wato IFAB, ce ke tsara su, kuma kusan duk shekara sai an taɓa wani abu. A 1992 aka hana gola kama ƙwallon da abokin wasansa ya mayar masa da ƙafa da gangan. A 2018 aka fara amfani da VAR, wato bidiyon da ke taimaka wa alƙalin wasa, a Gasar Kofin Duniya a Rasha. A 2020, lokacin annobar korona, aka ba da damar canza ’yan wasa biyar, daga baya ta zauna daram. A 2025 aka ce golan da ya riƙe ƙwallo fiye da daƙiƙa takwas, a ba abokan hamayya kwana. Na sha jin mai sharhi yana yi wa alƙalin wasa kaca-kaca a kan satar gida daga jifa, alhali dokar ta ce babu satar gida ga wanda ya karɓi ƙwallo kai tsaye daga jifa, ko kwana, ko bugun gola. Ɗan kallo zai iya wannan kuskure a yafe masa. Kai da ka ɗauki alƙalami, dubban mutane za su tafi da maganarka su yi ta musu da ita.

Akwai kuma agogo, wanda shi ne ainihin ubangidanmu a wannan sana’a. Rahoton wasa ana rubuta shi ne ana cikin wasa, edita na jira da an hura tashi. A daren 26 ga Mayun 1999, a wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Turai a filin Camp Nou na Barcelona, Bayern Munich ta jagoranci Manchester United da ci ɗaya tun minti na shida. Duk wanda ke zaune a kujerun ’yan jarida ya gama tsara labarin nasarar Jamusawa. Cikin mintunan da aka ƙara, Sheringham ya farke, Solskjaer ya ƙara ta biyu, labari ya kife. Haka a wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 2022 a Qatar: Ajantina na gaba da biyu har kusan minti na 80, Mbappe na Faransa ya ci biyu a jere, aka tashi uku da uku bayan ƙarin lokaci, sai a bugun fenareti aka raba gardama. Wanda ya tsira a irin wannan dare shi ne wanda hannunsa ya saba, wanda ya rubuta tsakiyar labarinsa tun hutun rabin lokaci ya bar kai da ƙarshe a buɗe. Wannan sabo ba ya zuwa ranar babban wasa. A wasannin nan da kake rainawa ake tara shi, inda in ka yi tuntuɓe ni kaɗai zan gani.

Yanzu bari mu zo kan sa’o’in naka. Ba na ƙyashin mabiyansu, kuma ba na cewa ka guji intanet, can masu karatu suke, can za ka same su. Amma tambaye su: labarin da suka saka jiya, wa ya gaya musu? Za ka tarar wani ne ya rubuta a wata ƙasa, suka juya shi. Idan ya yi daidai, yabon nasa ne. Idan ya yi kuskure, sunansu ne ya ɓaci, kuma ba su da wanda za su kira su ji inda aka kwana. Labarin ciniki ya fi kowane labari santsi, domin kusan duk mai ba ka shi yana da abin da yake nema. Dillalin ɗan wasa yana so farashi ya tashi. Ƙungiya tana so ta kwantar wa magoya baya hankali, ko ta tsorata wani ɗan wasan da ya ƙi sabunta kwantiragi. Kafin ka rubuta, ka tambayi kanka wa zai ci riba in wannan magana ta fita, sannan ka nemi majiya ta biyu wadda ba daga bakin ta farko ta ji ba. Kuma ka riƙe kalmominka da kyau: “ana tattaunawa” daban, “an daidaita” daban, “ya yi gwajin lafiya” daban, “ya sa hannu” daban. A ranar 31 ga Agustan 2015 duniya ta gama yarda David de Gea ya zama ɗan Real Madrid. Takardu ba su kammala a kan lokaci ba, aka rufe kasuwa, ya ci gaba da tsaron ragar Manchester United har 2023.

Majiyar da za ka dogara da ita nan gaba tana cikin filayen nan da nake tura ka. Mataimakin kocin da ka gaisa da shi yau, mai kula da kayan ’yan wasa, yaron da ka rubuta sunansa daidai lokacin da babu wanda ya san shi, su ne za su ɗaga wayarka bayan shekara goma.

Wata rana wani jami’i zai ja ka gefe bayan wasa ya miƙo maka ambulan, ya ce ka sha mai. Zai zo ne daidai lokacin da aljihunka ya bushe, domin farkon aikin nan samu kaɗan ne, ba zan ɓoye maka ba, kuma Asabar da Lahadinka sun tafi ke nan. Ka gode masa, ka mayar masa da abinsa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma ranar askin ita ce ranar da ’yan wasansa za su zo maka da kukan an hana su albashi, ka kasa rubutawa. Ɗan jaridar Birtaniya Andrew Jennings ya yi shekaru yana bin diddigin rashawa a FIFA, har aka hana shi shiga tarukanta na manema labarai, kafin a wayi gari a Mayun 2015 a kama manyan jami’an ƙwallo a otal a Zurich. Ƙungiyar da kake so tun kana yaro ma wata irin ambulan ce, sai dai ita a zuci take. Ba na ce ka daina sonta ba, amma ranar da ta yi wasan banza ka rubuta haka, ranar da abokiyar gabarta ta cancanci yabo ka yaba.

Ka tambaye ni a baya ko sai da digiri. Karatu yana taimakawa, in ka samu dama ka yi. Amma duk editan da na sani abin da zai fara cewa shi ne nuna min abin da ka rubuta. Ka riƙa tara rahotanninka wuri guda. Ka koyi ɗaukar murya mai tsabta da wayarka, ka koyi yanka bidiyo, ka ƙara harshe ɗaya a kan waɗanda kake ji.

Ranar Asabar ka je wasan da na rubuta maka. Ina son kalma 300 cikin minti 20 da hura tashi, kuma a ciki in ga abu ɗaya da wanda ya zauna kusa da kai bai lura da shi ba. Bayan wasa ka fara zuwa wurin kocin da aka ci, ka yi masa sallama, ka bari ya huce. Kada ka ce masa “yaya kake ji”, kowa ya san yadda yake ji. Duba littafinka ka ce masa: a minti kaza ka cire ɗan tsakiya ka sa ɗan gaba, me ka hango? In ka dawo, kawo min littafin kansa tare da rahoton, ina so in ga abin da ka rubuta da abin da ka bari.