Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Ƙungiyarmu Ba Ta Samun Tallafi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren wata ƙungiyar taimakon kai da kai a Tudun Wada, Zariya. Muna taro kowace Lahadi bayan La'asar, muna tara kuɗin mako, da su muke yashe magudanan ruwa kafin damina, muna kuma taimaka wa marayu. Wanda ya kafa ƙungiyar shi ne shugaba har yau, ba a taɓa yin zaɓe ba, kuɗinmu kuma suna cikin asusun ma'aji na kansa. Mun sha rubuta takardun neman tallafin haƙa rijiyar burtsatse, amma shiru kake ji. Wani abokina ɗan kulob ɗin Rotary ya ce su suna samun tallafi har daga ƙasashen waje. Yaya suke tsara taronsu da shugabancinsu, kuma wace hanya za mu bi?
Daga mai karatu, Tudun Wada.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam Sakatare. Allah Ya saka muku da alheri. Duk wanda ya ga yadda magidanta a Tudun Wada da Gyallesu da Tudun Jukun ke jiran 'yan ga-ruwa da sassafe ya san buƙatarku ta gaskiya ce. Sai dai mai ba da tallafi yana duba abu biyu: girman buƙata, da kuma hannun da zai damƙa wa kuɗin. Ta fuska ta biyu ce takardunku suke faɗuwa, kuma dalilan suna cikin wasiƙarka.

Wani lauya mai suna Paul Harris ne ya kafa Rotary, ƙungiyar ayyukan jin ƙai mai kulob-kulob a faɗin duniya, a birnin Chicago na Amurka a 1905, kulob na farko a Najeriya kuma an buɗe shi a Kano a 1961. Daga Kano ɗin ne aka sami Jonathan Majiyagbe, ɗan Afirka na farko da ya shugabanci ƙungiyar a duniya, daga 2003 zuwa 2004. Mutanen Arewa sun fi saninta da yaƙi da cutar shan-inna, wanda ta ƙaddamar da babban shirinsa a 1985, har aka kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar ta asali a watan Agusta na 2020.

Taronsu na mako yana da lokacin buɗewa da na rufewa. Ana rubuta sunan duk wanda ya halarta, a gabatar da baƙi, kwamitoci su ba da rahoto, sau da yawa kuma a gayyato wani masani ya yi gajeren jawabi. Tun 2016 aka sassauta wa kulob-kulob, aka yarda su riƙa haɗuwa aƙalla sau biyu a wata, amma da yawa sun ci gaba da na mako. Abin da nake so ka lura da shi, tunda kai ne sakatare, shi ne littafin taro. Ranar da jami'in wata gidauniya zai ziyarce ku, zai nemi ya ga shafin da aka rubuta cewa a rana kaza mutum kaza sun halarta, wane ya kawo shawarar haƙa rijiya, wane ya goya baya, aka amince, shugaba da sakatare suka sa hannu. Idan kuka miƙa masa littafi mai ɗauke da tarurrukan shekara biyu a jere, kun riga kun amsa rabin tambayoyinsa. Taron da aka yi da baki aka watse, komai kyawun abin da aka tattauna, ba shi da shaida a wurin baƙo. Haka kuma kuɗin mako: kowa ya biya a ba shi rasit, ma'aji kuma ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban kowa.

Shugabanci shi ne wurin da zan fi daɗewa, domin nan ne maganar take da nauyi. Shekarar Rotary tana farawa ranar 1 ga Yuli, ta ƙare ranar 30 ga Yuni, kuma bisa al'ada shugaban kulob shekara ɗaya yake yi. Tun yana kan kujera an riga an zaɓi magajinsa, wanda ke zama cikin majalisar gudanarwa yana koyon aiki, har a tura shi horo kafin ya karɓa. A majalisar akwai sakatare da ma'aji da shugaban da ya sauka, wanda ake ci gaba da amfana da shawararsa. A saman kulob akwai gunduma, wato tarin kulob-kulob na yanki ɗaya, mai gwamna, shi ma shekara ɗaya. Ban ce dole ku kwaikwayi wa'adin shekara ɗaya ba. Biyu ko uku ma sun yi, muddin an rubuta a kundin tsarin mulkinku kuma ana bi.

Na san a Zazzau ba a tunkarar dattijo gaba da gaba a ce masa ya sauka, kuma bai kamata a yi hakan ga mutumin da ya kafa ƙungiya da guminsa ba. Ku nemi mai unguwa ko limamin masallacinku, ku je tare, ku bayyana masa cewa masu ba da tallafi ne ke neman wannan tsari. Ku roƙe shi ya zama uban ƙungiya ko shugaban kwamitin amintattu, inda girmansa zai ƙaru, gudanarwar yau da kullum kuma ta koma hannun zaɓaɓɓu. A ganina wannan kariya ce gare shi, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma zargi yakan faɗa kan shugaban da ya daɗe ko da bai ci kwabo ba.

Kuɗin ƙungiya a asusun mutum ɗaya kuwa, ku kawo ƙarshensa da wuri. Ku yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, CAC, a matsayin ƙungiya mai amintattu, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, sannan ku nemi takardar shaidar SCUML, sashen yaƙi da halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, wadda bankuna kan nema kafin su buɗe wa ƙungiya asusu. Kada a iya fitar da kuɗi sai da sa hannun mutum biyu.

Tallafin da abokinka ya ambata yana fitowa ne daga Gidauniyar Rotary, wadda aka soma a 1917. Akwai ƙaramin tallafi na gunduma, akwai kuma babba na ƙasa da ƙasa, wanda kasafin aikinsa ba ya gaza dala 30,000. Kafin a ba da babban, sai kulob na gida ya sami abokin haɗin gwiwa a wata ƙasa, ya binciki buƙatar al'umma daga bakinsu, ya halarci horon sarrafa tallafi, ya ware asusu na musamman, ya kuma amince zai riƙa ba da rahoto duk wata 12. Ruwan sha da tsafta suna cikin fannoni 7 da gidauniyar ke tallafa wa. Kulob da gunduma ne ke nema, don haka ƙungiyarku za ta shiga ne a matsayin abokiyar aiki daga cikin al'umma. Ku gayyaci abokin naka da mutanen kulob ɗinsu su ga wurin da idonsu, ku tanadi amsar tambayar da tabbas za su yi: idan famfo ya lalace bayan shekara biyu, wa zai gyara, da wane kuɗi? Kwamitin ruwa na unguwa, da ɗan abin da za a riƙa karɓa kan kowace jarka, da mai gyara da aka koya wa aikin, su ne amsar.

Tambaya: Ƙungiyarmu ta mata a Samaru ta sami tallafin sayen kekunan ɗinki. Mijin ɗaya daga cikin shugabanninmu yana sayar da su. Laifi ne mu saya a wurinsa?
Daga wata Hajiya, Samaru.

Amsa: Hajiya, ki fara duba yarjejeniyar da kuka sa wa hannu, domin wasu gidauniyoyi sun hana hakan gaba ɗaya. Idan ba a hana ba, ita shugabar ta bayyana dangantakar a gaban taro, a rubuta a littafi, ta fita kafin a yanke shawara. Ku karɓo farashi a rubuce daga shaguna uku, a Sabon Gari ko wani wuri, ku kwatanta inganci da tsada. Idan nasa ne ya fi, ku sanar da masu tallafin a rubuce kafin ku biya, ku biya ta banki, sannan ku ajiye rasit da takardun farashin guda uku a fayil ɗin aikin.