Takarda da tona na ƙarewa a ofis: yaya za a san wanda ya buga, da kuɗin da bugun ya ci?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ce akanta a wani kamfanin fito da kaya daga tashar jiragen ruwa a Apapa, mu 14 ne a ofis. Muna da babbar na'urar Canon tokumbo mai bugu da fotokwafi, da ƙaramar firinta HP P1102 a teburin sakatare. A da kwalin takarda ɗaya na kai mu wata guda, yanzu ko sati uku ba ya yi, tona kuma, wato garin tawadar bugu, kullum cikin saye muke. Alhaji mai kamfanin ya ce a yanka wa kowa shafi 200 a wata, wanda ya wuce a cire daga albashinsa, kuma ni aka ɗora wa aikin. Akwai hanyar da zan san wanda ya buga abu da nawa ya ci, in kuma tsayar da shi idan kasonsa ya ƙare?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Hanya akwai, kuma rabinta na cikin na'urar Canon ɗin nan da kuka riga kuka biya kuɗinta. Amma shawarata ta farko ita ce ki roƙi Alhaji ya ba ki wata ɗaya cur na ƙirge kawai, ba tare da an tsayar da kowa ba. Shafi 200 ɗin nan daga ka aka faɗe shi. A ofishin fito da kaya, wanda ke haɗa takardun kwastan da na kamfanonin jiragen ruwa zai iya cinye 200 kafin Laraba, direba kuwa ko 20 ba zai buga ba a wata. In kika raba daidai wa daida, kin matse mai aikin gaske, kin bar wa wanda ba ya bukata rarar da zai riƙa yi wa abokai alfarma da ita.

Mu fara da kuɗin shafi ɗaya, domin nan ne na ga ofisoshi da yawa a Legas suna tafiya a makance. Firintarku ta P1102 tana shan katirij, wato mazubin tona, mai lamba 85A, wanda HP ya ce yana buga shafi kusan 1,600. Wannan adadi an auna shi ne da ma'aunin ISO/IEC 19752, a kan takardar gwaji wadda rubutu ya rufe kamar kashi 5 cikin ɗari na fuskarta, wato gajeriyar wasiƙa. Takardunku ba haka suke ba. Fom ɗin jigila cike yake da layuka da tambari da baƙaƙen akwatuna, takardar da aka ɗauka hoto da waya kuma takan fito da duhu-duhu a bayanta, kuma duk wannan duhun garin tona ne. Saboda haka kada ki dogara da abin da ke jikin kwali. Ranar da aka sa sabon katirij, ki buga shafin bayanan na'ura, wanda ke nuna jimillar shafukan da ta taɓa bugawa, ki rubuta adadin da kwanan wata a littafi. Ranar da ya ƙare ki sake bugawa. Abin da ke tsakanin adadin biyu shi ne gaskiyar abin da katirij ɗin ya ba ku.

Ga misali da farashin da na ƙaddara, ke sai ki sa na rasit ɗinku. A ce katirij naira 40,000 ne. In ya ba da 1,600, tonar kowane shafi naira 25 ke nan. In 1,100 ya bayar, ta haura naira 36. Rim ɗin takarda falle 500 ne, kwali kuma rim biyar, falle 2,500. A ce rim naira 6,000, kowane falle naira 12. To shafi ɗaya ya tashi tsakanin naira 37 da 48 tun ba a zo kan wuta da gyara ba. Ki lura da bambancin shafi da falle: bugu gaba da baya yana rage takarda rabi, amma tona tana nan yadda take, shafi biyu shafi biyu ne. Wannan lissafin ne kuma zai raba miki gardamar da ake yi kullum a kan katirij na asali da wanda ake sake ɗurawa a Computer Village ta Ikeja. Na ɗuri ya fi araha a hannu, babu musu. Amma ki ƙirga shafukansa, ki ƙirga har da waɗanda suka fito da zane ko dishi-dishi aka yaga aka sake bugawa. Na ga inda ɗurin ya ci riba sosai, na ga inda ya lalata dram ɗin na'ura, wato sashen da ke ɗora tona a kan takarda, ya jawo kuɗin gyara, kuma littafin nan ne kaɗai zai gaya miki wanne ne naku.

Kuɗin wuta da gyara ki tara na wata shida ki raba da yawan shafuka. Firintar lesa, wato mai amfani da tona irin taku, tana da sashe mai zafi da ke narka garin ya manne a takarda, shi ya sa take fizgar wuta duk lokacin da ta tashi aiki, har ki ji ƙaramin janareta ya canza murya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, aka kuma kai kuɗin wutar kwastomomin rukunin A, wato Band A, naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, wannan ɓangaren ya daina zama abin rainawa.

Yanzu ga wanda ya buga. Manyan na'urorin ofis kusan duk suna zuwa da akawunsu a ciki. A Canon imageRUNNER sunansa Department ID Management, a Ricoh ana ce masa User Code, a Kyocera Job Accounting, a Konica Minolta Account Track. Aikin ɗaya ne. Ana buɗe wa kowane ma'aikaci lamba da lambar sirri, na'ura ba za ta yi fotokwafi ba sai ya danna su, ita kuma tana tara masa ƙirgen bugu daban, fotokwafi daban, mai launi daban in tana yin launi. A wuri ɗaya ake sa iyakar shafuka, in an kai ta na'ura ta tsaya masa. Ki sa mai gyaranku ya kunna shi ya bar gurbin iyakar a buɗe tukuna.

Abu uku ke lalata wannan tsari, kuma a kansu nake so ki tsaya a kan mai gyaran. Dole ya shiga kowace kwamfuta ya kunna neman lambar a cikin manhajar da ke haɗa ta da firinta, sannan ya rufe zaɓin da ke barin na'ura ta karɓi aiki mara lamba. In bai yi ba, fotokwafi kaɗai kika kulle, bugu daga kwamfuta na wucewa salin-alin. Na biyu shi ne lambar shugaban na'ura, wato lambar sirrin da ke buɗe duk saitunanta. Yawancin na'urorin tokumbo da ake sayowa daga Alaba ko Ikeja suna nan da lambar da suka fito da ita daga masana'anta, wadda duk mai waya zai samo a intanet cikin minti ɗaya, ya shiga ya share ƙirgensa. A canza ta, ta zauna a wurinki da Alhaji. Na ƙarshe shi ne aron lamba, kuma wannan ba na'ura ke gyara shi ba, sai an tara ma'aikata an faɗa musu cewa duk abin da aka buga da lambarka a kanka yake.

Ƙaramar HP ɗin ba ta da wannan tsari, ba ta san kowa ba. In aka kulle Canon aka bar ta, kowa zai koma teburin sakatare, kuma ita ce shafinta ya fi tsada, domin manyan na'urori galibi sun fi arahar tona a kowane shafi. Ki bar ta a jone da kwamfuta ɗaya tak. A Windows akwai kundin da ke rubuta kowane bugu, amma a kashe yake zuwa. Mai kula da kwamfutocinku ya buɗe Event Viewer, ya nemo PrintService, ya kunna Operational. Daga nan kowane aiki zai bar shaida mai lamba 307, da sunan mai bugu da lokaci da yawan shafuka. Yana da raunin da ya kamata ki sani: wanda ya buga takarda ɗaya kwafi 30, wannan layin na iya nuna shafi ɗaya kawai, kuma in kowa da suna ɗaya yake shiga kwamfutar, kundin ba shi da amfani. Don haka a ƙarshen wata ki gwada shi da ƙirgen jikin firintar.

Akwai manhajoji na musamman, fitacciyarsu PaperCut ta ƙasar Ostareliya, wadda ke sa wa kowane shafi farashi, ta ba kowa asusu, ta riƙe aiki har sai mai shi ya zo gaban na'ura ya sake shi. Samfurin NG yana bin bugu daga kwamfuta, samfurin MF kuma yana shiga cikin babbar na'ura ya ƙirga har fotokwafi. Suna aiki da kyau, amma suna bukatar kwamfutar da ba ta mutuwa duk lokacin aiki, da wanda zai riƙa sabunta su, domin a 2023 masu kutse sun shiga ta wata kafa a ofisoshin da ba su sabunta ba. Ga mutum 14 da na'ura biyu, ban ga dalilin kashe wannan kuɗin yanzu ba. Masu amfani da Linux a madadin Windows kuwa suna da manhajar bugu mai suna CUPS, mai iya sa iyakar shafuka a sati ko wata, sai dai iyaka ɗaya yake sa wa kowa a kan firinta ɗaya.

Ina kyautata zaton in wata ya cika abin da za ki gani zai ba Alhaji mamaki. A ofisoshin da na yi wa wannan aiki, mai buga katin biki ko takardun makarantar yaransa ba ya rasa samuwa, amma ba shi ke cinye kwali ba. Abin da ke cinyewa shi ne takardar Excel da aka tura ba a duba ba ta watse shafi 40, da wanda ya danna bugu sau uku don na'ura ta yi jinkiri, da wasiƙar imel da aka buga har da tsohuwar hirar da ke ƙasanta, da tulin da ake tararwa a bakin na'ura da yamma ba mai shi. Sai kuma damshin Legas. Rim da aka buɗe aka bari a fili lokacin damina yana shan laima, ya lanƙwashe, ya maƙale a na'ura, a yaga a sake. Ki riƙa buɗe rim ɗaya-ɗaya, sauran su zauna a naɗensu cikin kabad, nesa da ƙasa. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari: na'urar da aka bari a buɗe, da kwalin takarda a gefenta ba mai rubuta fitarsa, ita ma da laifinta. Sau da yawa da zarar mutane sun san ana ƙirge, bugun banza kan ragu tun kafin a sa wata iyaka.

Maganar cire kuɗi daga albashi kuwa, ina roƙonki ki ja hankalin Alhaji cikin ladabi. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ya taƙaita irin yankan da mai kamfani zai yi wa albashin ma'aikaci, don haka ya tuntuɓi lauyansa kafin ya taɓa ko sisi. Ban da doka ma, akwai haƙƙi. Ma'aikacin da ya wuce kaso saboda kwantena goma sun iso a sati ɗaya, aikin kamfani ya yi. Haka kuma tunda za a riƙa ajiye bayanin abin da kowa ya buga, a sanar da su a rubuce kafin a fara, kuma kada kundin ya zama abin kallon kowa. Tun 2023 ƙasar nan ke da dokar kare bayanan mutane, kuma sunan takarda kaɗai na iya tona asirin rashin lafiyar mutum ko bashinsa.

Idan ƙirgen wata ya fito, ki ba kowa kaso gwargwadon abin da aikinsa ya nuna, ki ɗora masa kamar kashi ɗaya cikin biyar don watan da aiki ya yi yawa. Wanda nasa ya ƙare ya zo wurinki ki ƙara masa ki rubuta dalili. A yawancin waɗannan na'urori da hannu ake mayar da ƙirge sifili, don haka ki tsayar da rana ɗaya a wata, ki buga rahoton tukuna kafin ki share. Ki kuma buɗe lamba guda ta gaggawa mara iyaka, ki sa ta a ambulan a wurin wanda ke rufe ofis, saboda daren da ake jiran takardar sakin kaya kina gida, kuɗin ajiyar kwantena na ƙaruwa a tasha, kason mai aikin kuma ya ƙare. Duk wanda ya buɗe ambulan ɗin ya sa hannu, washegari ki canza lambar.